Wanda Ke Fara Faɗawa

"Ai ba kafaɗarki ba ce," in ji Baba.

"Tawa ce mana, tunda ni zan kwashe ka zuwa asibiti," Yaya Nesta ta ce, tana ja masa zif ɗin rigar ruwa. "Hannun nan ko baya ba ya kaiwa, amma wai kai za ka fara faɗawa."

"Tun ba a haife ki ba nake faɗawa daga dutsen nan."

"Shi ya sa ya gaji da kai."

Ni dai ina ta raba wa baƙi hulunan kwano. Ma'aikatan wani ofis ne daga Birmingham, sun zo a hau da su duwatsun gaɓar teku su riƙa tsunduma.

A nan Pembrokeshire jagora ne ke fara faɗawa. Baƙo ba ya yarda da zurfin ruwa sai ya ga kan wani ya ɓullo. Jagoran da ya kasa kuwa, sai ya koma gadin mota da dafa shayi. Baba, babban jagoranmu, da bakinsa ya mayar da wani tsohon jagora, Dilwyn, can.

Muka hau. Iska na kaɗawa, ruwa ya cika yadda ake so. Baba ya tsaya a bakin dutsen, ya ɗaga hannuwa zai naɗe a ƙirji. Na hagun ya ƙi zuwa. Ya sake gwadawa. Sai ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Tsoho, ko sai mun buga maka ƙararrawa?" in ji wani mai tumbi. Aka kwashe da dariya.

Baba bai motsa daga bakin dutsen ba. Ban yi shawara da kowa ba, na raɓa ta gefensa na faɗa.

Sanyi ya doke ni. Na ɓullo, na dafa hulata, alamar lafiya lau. Baƙi suka biyo ni ɗaya bayan ɗaya, Yaya Nesta a ƙarshe. Da na ɗaga kai, ba kowa a saman dutsen.

Muka iske Baba a mota. Ya sauko ta hanyar tumaki, rigarsa a bushe, ya jera kofuna, shayi na tururi. Ya miƙo mini nawa, bai kalle ni ba.

Wata baƙuwa, haƙoranta na kaɗawa, ta dube mu mu ukun.

"Gobe fa? Baban naku zai shiga ruwan?"