Zakaran Inna a Kejin Magaji

Magaji mai gyaran injin jirgin ruwa ne a Yelwa, amma hirarsa duk ta kaji ce. Bara ya sa aka kawo masa kaji irin Birahama uku daga Legas, zakara ɗaya da kaji biyu, manya masu gashi har ƙafa kamar sun sa wando. Ya yi masu keji da kwaɗo, ya hana kowace kazar unguwa raɓarsu don kada jinin ya gauraya.

Sai surukarsa, Innar matarsa Altine, ta zo daga Wara da tsarabar wani ɗan zakara shazumama, irin mai gashi a murɗe. Kwana biyu tana kallon kejin, abin yana damunta.

"Altine, mi kajin nan sunka yi aka ɗaure su?"

"Inna, ba laifi sunka yi ba. Na ƙasar waje ne."

"To baƙo ake kullewa?"

Da Magaji ya tafi bakin ruwa, Inna ta ɗauko makulli ta buɗe masu su sha iska. Haka ta yi kullum har mako biyu, tana mayar da su kafin la'asar. Katon zakaran yakan kwanta a inuwar mangwaro yana haki, shazumama kuwa bai zauna ba.

Da ƙwai suka ƙyanƙyashe, tsakin suka fara gashi, Magaji ya ga bakwai cikin goma gashinsu ya murɗe, ga kuma wando a ƙafa. Ya daɗe a tsugune. Altine ta gaya masa gaskiya tana danne dariya. Tunda suruka ce, sai dai ranar ya ƙi cin tuwo.

Bayan wata biyar masu kiwon kajin ado suka shirya gasar nuna kaji a filin wata makaranta. Magaji ya kai Birahamansa, Altine kuma ta cusa ɗaya daga cikin murɗaɗɗun a kwando. Jama'a suka bar kajin gasar suka taru a kansa. Alƙalin gasar, wani likitan dabbobi mai suna Samuel, ya ɗaga shi yana jujjuyawa.

"Malam Magaji, wannan daga wace ƙasa?"

Magaji ya ɗan yi tari. "Uwar daga Legas. Uban daga Wara."

Samuel ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya ce ba zai ba shi lamba ba, don jininsa gauraye ne, amma yana son biyu ya kai gida. Mutum huɗu suka karɓi lambar wayar Magaji.

Da suka dawo ya kira Inna, da ta riga ta koma Wara, a waya, ya gaishe ta da kyau, ya tambaye ta ko shazumama suna da yawa a Wara. Ta ce akwai, amma sai ya zo da kansa ya zaɓa. Ran Asabar ya shiga jirgi da kwando biyu.