Shaidun Likita Kucera

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya, kuma na san akwai waɗanda suka fi ni cancantar ba da wannan. Na jira su, ba su rubuta ba. In kun ga na yi tuntuɓe, ku kawar da kai.

Darlene Hruska alƙaliya ce, amma ba irin mai doguwar baƙar riga ba. Hukumar da ke ba likitocin dabbobi lasisi a jiharmu ce take tura ta sauraron ƙara, ta rubuta abin da ta gano da shawararta, su kuma su yanke. Kotunta duk inda aka ara mata ɗaki ne. A wannan karon ɗakin taro na ƙasan laburare aka ba ta, a wani ƙaramin garin makiyaya da ke yammacin Nebraska. Ta ajiye rikoda a tsakiyar tebur, ta kunna.

Wanda ake ƙara Likita Wendell Kucera ne, tsoho mai faffaɗan hannu, wanda babu garken da bai taɓa shiga ba a yankin. Wani baƙo da bai daɗe da sayen gona ba ne ya kai ƙararsa, cewa ya maimaita wa godiyarsa allura a wuni ɗaya har ta mutu. Likita bai musa ba. Tambayar da ke gaban Darlene ɗaya ce: kuskuren rana ɗaya ne, ko ƙwaƙwalwar tsohon ce ta fara zubewa? In na farko ne, gargaɗi za a yi masa. In na biyu ne, lasisinsa ya tafi.

Bai ɗauki lauya ba. Ya ce lauya na marar mutane ne, shi kuwa maƙwabta gare shi. Suka kuwa cika ɗakin, maza da hulunansu a kan gwiwa, mata sun jera kofi da farantan wani biredi mai zaƙi da suke kira kolaci a gefe. An miƙo wa Darlene, ta yi godiya ta ƙi karɓa, don ba ta cin abincin ɓangare ɗaya.

Shaidan farko Merle Stoltenberg ne, makiyayi, abokin Likita tun suna yara. Bayan ya yi rantsuwa, Likita ya tambaye shi ko ya taɓa ganin gazawarsa.

"Kai? Banda rowa da mummunan rubutu, ban san aibinka ba."

Aka yi dariya. Merle ya ji daɗin dariyar, ya juyo wajen alƙaliya don ya ƙara wa shaidarsa ƙarfi. Ya ce ai laifin baƙon ne da bai tambayi tsarin gari ba. Kowa ya san in Likita ya yi wa dabba allura, sai ka yi maza ka shafa mata shuɗin alli a gadon baya, in ka ga ya sake nufarta ka ɗauke masa hankali da hira.

"Ranki ya daɗe, da ya tambaye mu, da yanzu godiyarsa tana kiwo."

Biron Darlene ya tsaya. Ta dubi jar fitilar rikodar. Ba ta da ikon ƙifta wa shaida ido, balle ta koya masa abin da zai faɗa. Ta tambayi lauyan gwamnati, wani matashi Colby Reinke, ko yana da tambaya. Ya ce babu, idonsa a kan takalminsa. Sai ta tambayi Likita ko zai ci gaba da kiran shaidu, ko yana son a huta ya yi tunani. Iyakar abin da doka ta ba ta ke nan. Ya ce a ci gaba.

Twila Bauman mai shagon magani ta ce ita ba ta taɓa samun matsala da shi ba, don takan gyara adadin da ya rubuta kafin ta ba da magani. Wani ya ce in Likita ya gama masa aiki zai koma gida, shi ma sai ya shiga tasa motar ya yi gaba kamar mai zuwa gari, don kada tsohon ya ɓata hanya. Kowa da alfahari yake faɗar nasa, kowa yana zaton taimakon Likita yake yi. Darlene tana ta rubutawa.

Likita ya juya kujerarsa. Ba lokacin maganarsa ba ne, amma ba ta hana shi ba.

"Merle, tun yaushe?"

Merle ya murza hularsa. "Tun shekarar da matarka ta rasu."

"Duk garin?"

"Har yara."

"Kuma aka rasa mai gaya mini."

"Mun gaya maka, Wendell. Ba sau ɗaya ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa, sannan ya ce wa Darlene, "'Yata, in na ajiye lasisin da kaina, me za ki rubuta?"

Ta ce ba za ta iya ba shi shawara ba, amma doka ta ce in ya ajiye don kansa, gwamnati kuma ta yarda, an rufe ƙara ke nan, ba za a rubuta komai game da hankalinsa ba. Colby ya yarda tun ba ta rufe baki ba. Aka tashi hutu don a bugo takardar. Darlene ta zauna ita kaɗai, ta ji kamar an sauke mata dutse daga ƙirji. Ko ba komai mutumin zai fita da mutuncinsa.

Da aka dawo, Likita ya shigo da fara'a, ga burbushin biredi a rigarsa. Colby ya ajiye takardar a gabansa. Ya dube ta, ya ture gefe.

"Wannan kuma ta mece ce? Ai ban kira shaiduna ba tukuna. Merle, tashi mana, tsohon banza, ka faɗa wa yarinyar nan ko ni wane ne."

Merle bai tashi ba. Ya sunkuyo wajen Darlene, ya roƙe ta ta bari Likita ya sa hannu kawai, ai kowa ya ji ya yarda ɗazu. Colby ma yana riƙe da biro a miƙe. Babu wanda zai ƙalubalance ta a ɗakin nan. Amma sa hannun mutumin da ya riga ya manta abin da ya yarda da shi, ba sa hannu ba ne, kuma ta sani. Ta jawo takardar ta mayar cikin jakarta. Yanzu dole ita za ta rubuta komai, allin da maganin da motar, da sunan kowane maƙwabci a gefen abin da ya faɗa.

"Likita, an riga an saurari Merle," ta ce. "Ya faɗi gaskiya, kuma yana ƙaunarka."

"Ai dole ya ƙaunace ni, rabin garkensa a hannuna aka haife su."

Ta sanar da rufe zama, ta kashe rikoda. Mutane suka kewaye tsohon, wannan ya zuba masa kofi, waccan ta kakkaɓe masa riga, yana tambayar su ko ya yi ƙoƙari, suna ce masa ƙwarai. Darlene ta rungumi jakarta ta bi matakalar baya, ba tare da ta yi wa kowa sallama ba.

Ni ma bari in bi ta wannan matakalar, tun wani bai ɗago kai ba.