Ranar da Muka Kai Baba Wurin Giwaye

Shekarar da Baba ya cika saba'in da biyu muka yi shawarar mu fita da shi hutu don murnar ranar haihuwarsa. A lokacin ya yi kusan shekara biyu ba ya gani. Ciwon suga ne ya ci idon a hankali, har wata safiya ya tambaye ni ko gari bai waye ba, alhali rana ta riga ta take. Daga nan ya bar wa maƙwabcinmu gonarsa ta 'ya'yan itacen lamyai, ya koma zama a ƙarƙashin gidanmu mai dogayen ƙafafu, kan gadon gora, rediyo a gefensa. Ni ce autarsa, sunana Buakiao, ni nake zaune da shi a garin Lamphun tun rasuwar Inna. Da safe ina sayar da taliya da miyar kwakwa a bakin kasuwa, in na dawo da rana sai in same shi inda na bar shi.

Yayana Thanom yana aiki a Bangkok. Da aka ba yara hutun ƙarshen damina ya zo da matarsa Rattana da 'yarsu Namwan. Yaya yana son Baba, amma tun da idon ya tafi ya rasa yadda zai zauna da shi. In ya zo sai ya riƙa ɗaga murya kamar kunnen ne ya mutu, ya sayo magunguna da takalma masu laushi, sannan ya fita tsakar gida yana amsa waya.

Muna cin abincin yamma ya tambayi Baba inda yake so a kai shi, ko bakin teku ko wani babban wurin ibada. Baba ya gama mulmula shinkafarsa mai danƙo, ya tsoma a miya, sannan ya ce shi giwaye yake so. Ya ce yana yaro giwayen masu katako kan ratsa ƙauyensu da rani, shi da abokansa su bi su har rafi, kuma tun da aka daina wannan aikin bai sake tsayawa kusa da giwa ba.

Kafin a kwashe kwanuka Yaya ya samo wuri a wayarsa. Babban sansani ne kusa da titi, ana hawa giwa, ana yi mata wanka, har tana riƙe buroshi ta zana fure. Ya ce wannan ne daidai da Baba, tunda zai taɓa da hannunsa, ya hau, ya rungumi hanci.

Rattana mace ce mai sanyin magana, amma ranar ta ce ita ba za ta je ba. Ta ce an taɓa kai su irin wannan wurin daga ofis. Ta zagaya baya neman banɗaki, sai ta tarar da wata giwa ɗaure da guntuwar sarƙa a kan siminti, tana ta kaɗa kai hagu da dama ba tsayawa, ga gyambo a bayan kunnenta inda ƙugiyar mai tuƙa ta ke sauka. Tun daga ranar hoton da ta ɗauka a bayan giwa yana cikin akwati, ta kasa rataye shi.

"To ai ba duka suka zama ɗaya ba," in ji Yaya.

"Shi ya sa za mu tambaya kafin mu je," ta ce.

Aikin tambayar ya faɗo kaina, don ni ce mai haƙurin waya. Washegari bayan na tashi daga kasuwa na zauna na yi ta kira. Kusan kowane wuri ya sa wa kansa suna mafakar giwaye, kowa ya ce nasa suna cikin jin daɗi. Rattana ta koya mini abin da zan tambaya: ina giwayen suke kwana, baƙi nawa ake tara musu a yini, ana raba 'ya'ya da uwayensu, wa ke duba su in ba su da lafiya. Wasu suka amsa da daɗin baki, wasu suka ce in zo in gani da idona, wani kuwa ya kashe wayar.

Wata mai sayen taliyata ce ta ba ni lambar wata mata mai suna Mupho, 'yar ƙabilar Karen, a wani ƙauye can kan duwatsu bayan garin Mae Chaem. Mupho ta amsa duk tambayoyina ba gaggawa, har da waɗanda ban yi ba. Giwayen na dangin mijinta ne tun kakanni. An daɗe ana ba da hayarsu ga sansanonin birni, daga baya ƙauyen ya dawo da su daji. Ba a hawa, ba a wanka da su, ba a ba su abinci a hannu, kuma baƙo ba ya taɓa su. Iyali ɗaya suke karɓa a rana. Ta ce wata ran giwayen kan sauko kusa, wata ran sai dai a hango bayansu cikin gora.

Na ce mata mahaifina makaho ne. Ta ce ba za ta yi mini alkawarin abin da ba za ta cika ba, ko don shi ba za a kawo giwa a tsayar ba. Amma akwai wata rumfa a bakin rafi inda suke yawan shan ruwa da hantsi, hanyar ba ta da wuya, in mun yarda za ta kai mu can.

Da na faɗa wa Yaya, ransa ya ɓaci. Ya ce wace irin dabara ce a ɗauki wanda ba ya gani a hau dutse da shi don ya kalli abu daga nesa. Ya ce mu mata biyu mun fi tausayin dabba a kan mahaifinmu. Rattana ta tashi ta shiga ɗaki. Ni ma na fara tunanin ko gaskiyarsa ne.

Duk wannan a gaban Baba aka yi, kamar ba ya wurin. Sai ya rage muryar rediyo.

"Thanom, ranar haihuwar wa ake yi ne, taka ko tawa?"

"Taka ce, Baba."

"To a kai ni wurin matar nan. Ni ma shekara biyu ke nan kowa ya zo sai ya kama hannuna ya ja ni inda ya ga dama. Na san daɗinsa. A bar su su zo da ƙafarsu, in sun ƙi mu ci abincinmu mu dawo."

Da muka kama hanya da asuba fuskar Yaya a ɗaure take. Hanyar ta yi ta nannaɗewa tana hawa, hazo ya kwanta a kwari, Namwan ta yi amai sau ɗaya ta koma barci a cinyar kakanta. A ƙauyen Mupho ta tarbe mu, gajeruwar mace mai jar riga saƙar hannu da takalmin roba. Ta gaida Baba da hannu biyu, ta kira shi Kaka, ta ba shi sandar gora, ta ce ya dafa kafaɗarta in yana so. Ya dafa. Muka bi gefen gonakin shinkafa da suka fara ja, muka gangara cikin daji har rumfar.

Rumfar katako ce a kan dogayen ƙafafu, tana kallon rafi. Muka shimfiɗa tabarma muka zauna. Rana ta ɗaga, babu giwa. Namwan ta gaji da jefa tsakuwa a ruwa, ta koma cire matsattsaku daga safarta tana ƙyanƙyami. Yaya ya yi ta ɗaga wayarsa sama yana neman sabis, can ya ce da mun je inda ya faɗa da yanzu mun gama har mun ci abinci. Mupho ta zuba mana shayi daga gora, ta zauna tana ɓare gyaɗa.

Baba ne ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Ni ban ji komai ba sai ruwa. Ya juya fuskarsa wajen tudun da ke hagu ya ce ga su can. Sai daga baya muka ji ƙararrawar itace da ake rataya wa giwa a wuya tana ƙwal-ƙwal a hankali, sannan ƙarar gora tana karyewa kamar ana fasa itacen girki.

Uku ne suka fito. Tsohuwa a gaba, wadda Mupho ta ce sunanta Khammun, sai 'yarta, sai wani ɗan ƙarami yana tuntuɓe tsakanin ƙafafunsu. Makiyayinsu yana can baya da adda a kugu, ya sami dutse ya zauna. Suka shiga rafin a ɗaya gefen, nisan da za ka yi wa mutum magana ya ji ba sai ka ɗaga murya ba.

Ni nake ba Baba labarin duk abin da ke gabansa tun da ya makance, har na buɗe baki, sai ya miƙa hannu ya laluɓo gwiwar Yaya.

"Kai, faɗa mini abin da kake gani."

Yaya ya yi gyaran murya. "Giwa ce, Baba. Babba."

"Allah ya yi maka albarka, da na zaci kaza ce. Kuɗin makarantar da na biya ke nan?"

Namwan ta tuntsire da dariya, Rattana ta rufe baki da hannu. Yaya ma ya yi murmushi, karo na farko tun safe. Ya ajiye wayar a tabarma, ya matso, ya sake farawa. Ya ce tsohuwar tana da ɗigo-ɗigon fari-ja a goshi da gefen kunnuwa, kunnenta na dama a yage yake daga ƙasa. Ya ce ta tumɓuke ciyawa tana bugawa a ƙafarta don ƙasar ta zube kafin ta kai baki. Baba ya ce haka suke yi, ya tuna. Ya tambayi ƙaramin fa, Yaya ya ce yana ta ƙoƙarin shan ruwa da hanci ya kasa, ya haƙura ya dulmiya kansa gaba ɗaya. Tun yana faɗa a taƙaice har ya saki jiki, muryarsa ta sauko, ya daina yi wa Baba ihu. Ban taɓa jin su sun yi doguwar hira haka ba tun ina yarinya.

Can tsohuwar ta yi wani gurnani daga cikinta, mai zurfi, wanda kunne bai cika kamawa ba. Na ji shi a katakon da nake zaune. Baba ya shimfiɗa tafin hannunsa a daɓen rumfar ya bar shi a nan. Iska ta juyo ta kawo mana warinsu, na laka da ɗanyar ciyawa. Ya ja numfashi ya riƙe, hawaye suna bin kumatunsa, bai share ba.

Sun jima a ruwan, sannan tsohuwar ta haura ta gefenmu, ƙasa da rumfar kaɗan, sauran suka bi ta suka shige daji. Ba ta ko kalle mu ba. Da ƙararrawar ta yi nisa, Mupho ta ce yanzu za mu iya sauka.

Yaya ne ya sauko da Baba daga matakala. A bakin ruwa sawun Khammun ya nutse cikin laka, ruwa yana tsattsafowa a ciki. Baba ya durƙusa ya bi gefensa da yatsu, ya laluɓo gurbin farata, sannan ya cire takalmi ya sa ƙafarsa a ciki, ya ce Namwan ta sa tata, duka biyun suka shige da sauran wuri. Da ya miƙa hannu gaba kuma sai ya dafa tulin kashi mai ɗumi. Namwan ta yi ƙara ta ja baya. Shi kuwa ya ce ai ga shi ya taɓa giwa, a rubuta a gaya wa mutanen kasuwa.

A gidan Mupho muka ci abincin rana, shinkafar tudu da miyar kabewa da gasasshen kifi a ganyen ayaba. Baba ya ci har ya nemi ƙari, yana ta yi wa surukin Mupho tambaya a kan giwayen da, su biyu tsofaffi suna musu a kan shekarar da aka yi babbar ambaliya. Rattana ta sayi gyale biyu a wurin matan ƙauyen, ta ba ni ɗaya.

Da za mu tafi hadari ya haɗo ta yamma. Mupho ta ce mu yi sauri mu wuce gangaren kafin hanya ta yi santsi. Baba ya ce shi gaba zai zauna wannan karon, bayan mota yana sa shi jiri. Rattana ta dawo baya wurinmu, Yaya ya ɗaura masa bel, muka gangaro ruwa yana fara sauka.