Darnin Halima

Gajerar dawar nan da aka kawo ƙauyen Dudunni bara don gwaji ta yi hatsi, wannan ko Halima ba ta musa ba. Rumbunta ya cika. Amma karan, kai jama'a, ko ƙugun mutum bai kai ba. Ita kuwa tun rasuwar maigidanta da karan kaura take sabunta darnin gida kowace kaka. Bana sai ga makewayinta a fili, a bakin hanyar da motocin hatsi ke bi. Duk wanda ke saman lodi yana hango komai. Ga ɗiyarta Rauda budurwa. Abin yana cin ran Halima ƙwarai.

Sai aka ce za a yi taro a Kankia, wani kwamiti zai ba gwamnati shawara a daina raba kowane iri sai gajeren. Halima ta yi sammako ta tafi.

Ta tarar da zauren taron cike. Alhaji Badaru, shugaban ƙungiyar manoma, wanda kuma shi ne dillalin irin, ya kwaso mutanensa mota biyu, kowa da sabuwar hula. Da ya yi tari sai su ɓarke da tafi. Masaniyar da za ta rubuta rahoton, Dakta Funke, ta nuna hotuna a bango, buhu kan buhu. A Kankia aka haife ta, Hausa a bakinta kamar ta kowa, kuma da gani tsakani da Allah take aikinta. Hatsi kawai aka ce ta auna, shi ta auna.

Sau uku Halima tana ɗaga hannu, sau uku mai riƙe da lasifika yana kallon rufin ɗaki. To, ko da ya ba ta, a gaban maza ɗari za ta buɗe baki ta yi zancen makewayi?

Da aka tashi ta tare Dakta a bakin mota.

"Ɗiyata, dawarki ta yi albarka. Ki zo ki gani da idonki."

"Gobe ina Kusada, Mama. Zan biyo ta Dudunni."

Ta kuwa biyo da hantsi, ita da takardunta. Halima ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura mai sanyi. Kafin kwanon ya yi rabi ta ƙara. Aka leƙa rumbu, aka dawo, ga zoɓo. Baƙuwa mai kunya ce, ba ta iya cewa a'a. Halima dai tana ta jan hira, tana satar kallonta. Alhaji Badaru da motoci yake nasa kamun ƙafar, ita ludayi gare ta.

Can Dakta ta fara gyara zama. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Mama, ina ne bayi?"

Halima ta miƙa mata buta, ta nuna mata lungu. Dakta ta shiga, ta tsaya cak. Darnin iya cinyarta. Ga wata babbar mota ta taho, samari reras a saman buhuna, har wani ya ɗago mata hannu. Ta juyo, fuskarta duk ta canza.

"Rauda, kawo zanen," in ji Halima.

Uwa ta kama gefe, ɗiya ta kama gefe, suka ɗaga sama, suka kau da kai.

"Shiga abinki, ɗiyata. Haka muke yi wa juna tun kaka. In ɗaya ba ta gida, ɗaya ta haƙura."

Da Dakta ta fito ba ta iya haɗa ido da su ba. Halima ma sai ta ji tausayinta, har ta ji kunyar abin da ta yi wa baƙuwa. Dakta ta zauna, ta jawo takardunta, ta daɗe biro yana hannunta.

"Mama, gida nawa ne haka a garin nan?"

"Duk wanda ba shi da katanga."

Da damina ta kusa, iri ya zo kashi biyu, gajere da dogo, kowa ya zaɓa. Alhaji Badaru ya shiga rediyo ya ce shi ya ba da shawarar, da ma can yana tunanin iyayenmu mata. Halima ta yi tsaki ta kashe rediyon, ta shuka rabi da rabi.

Ranar da aka kafa sabon darni, ya fi kan mutum da kamu biyu, Halima tana tsakar gida tana tankaɗe. Sai ta ji ƙarar ruwa daga lungu, da rana tsaka, ga motoci na wucewa. Rauda ce ke wanka, har da 'yar waƙarta, ba ta kira kowa ba.