Fankar da Ba Ta Jiran Wuta

Shekara talatin da ɗaya Mai Fanka yana gyaran fankokin mutane, amma a ɗakin matarsa mafici ke aiki. Ba laifinsa ba ne. Fanka biyu ya kafa mata, ta sama da ta tsaye, sai dai wutar unguwar ba ta zama sai ta ga dama. Ita kuwa Tela, kamar yadda yake kiranta tun tana ɗinki, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Da zarar zafi ya taso iska ta tsaya, sai numfashinta ya riƙa fita da ƙyar, har da ƙara. Wannan ƙarar ita ce abin da ya fi tsoro a duniya.

Saboda haka duk lokacin da aka ɗauke wuta, ko yana tsakiyar kwance inji ne, sai ya ja ƙofar shago ya ruga gida ya yi mata fifita. Wata rana kafaɗarsa ta sage, maficin ya faɗi, ya ce, "Tela, na yi miki alkawari, sai na ƙera miki fankar da ba ta jiran wuta."

"Malam, ka dai ɗauko maficin tukuna," in ji ta.

Shi fa ba wasa yake ba. Ya daɗe yana lura da maganaɗisu, ƙarfen nan mai jan ƙarfe da ake cirowa daga tsohuwar lasifika. Ba ya cin wuta, ba ya shan mai, kuma bai taɓa ganin ya gaji da ja ba. To me zai hana a jera su a da'ira, wannan ya tura wancan, abu ya yi ta juyawa har tashin duniya? Ya samo wilin keke, ya sa masa sabon boris don ya juya sumul, ya yanka gwangwani goma sha biyu, ya manna maganaɗisu a kan kowanne, ya ɗaure su a jikin wilin. Wasu ya kafa su a katako kewaye da shi.

Ran nan a shago ya ɗan tura wilin da yatsa, wili ya kama juyawa a hankali, kuma bai tsaya ba. Aka yi azahar yana juyawa, aka yi la'asar yana juyawa. Mai Fanka ya zauna a kan bokiti yana kallo, farin ciki ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

Washegari ya ɗauka a ka ya kai gida, ya ajiye gaban gadon Tela, ya tura. Wili ya zaga sau huɗu, ya yi ɗan gaba, ya yi ɗan baya, ya tsaya cik.

"Baƙunta yake yi," in ji Tela.

"Gadon ƙarfen nan ne ke janye masa ƙarfi," in ji shi, ransa a ɓace.

Ya mayar shago, wili ya juya. Ya dawo da shi gida, ya fitar da gadon waje ya shimfiɗa mata katifa a ƙasa, wili ya ƙi. Ya ɗora laifin a kan tebur, ya ɗora a kan kwanon rufi, har keken ɗinkinta da ke lulluɓe a lungu sai da ya sha harara. Mutum in ya ƙallafa rai a kan abu, kowa mai laifi ne ban da abin. Sau uku yana wannan jigila, zafi kuwa kullum ƙaruwa yake.

A rana ta tara maƙwabcinsa Mai Walda ya leƙo shagon, da takardar awon taga a hannu. Kafin ya yi sallama takardar ta tashi sama, hularsa ta bi ta.

"Haba Injiniya! Shago ne wannan ko bakin teku? Kashe fankokin nan mu yi magana."

Mai Fanka ya dube shi da mamaki, don shi bai ji wata iska ba. Al'adar masu gyara ce, duk fankar da aka gyara sai a bar ta tana aiki yini guda a ga ko za ta yi zafi. Guda bakwai ke kaɗawa a shagon a lokacin, kuma shekara talatin ke nan fatarsa ta daina sanin da su. Ya miƙa hannu ya kashe.

Shagon ya yi tsit. Wilin ya ci gaba kaɗan, ya rage gudu, ya yi ɗan gaba, ya yi ɗan baya, ya tsaya daidai yadda yake tsayawa a gaban Tela.

Ya matsa ya duba gwangwanayen nan goma sha biyu. Kowanne a karkace yake, karkacewa iri ɗaya. Hannunsa ne ya lanƙwasa su kamar fiffiken fanka ba tare da ya sani ba, don hannun bai san wata lanƙwasa ba sai ita. Iskar shago ke tura wilin. Maganaɗisun kuwa abin da ya ba da wajen ja, shi yake karɓewa wajen saki. Kuma bai taɓa ganin wilin a shago ba wuta ba, tunda duk sanda aka ɗauke yana hanyar gida.

Kunya ta kama shi, sannan baƙin ciki. Mai Walda ya buɗe baki zai yi tsiya, ya ga fuskarsa, ya fasa.

"Wani abu dai sai ya tura shi," in ji Mai Fanka a hankali. Ya miƙe, ya dubi Mai Walda. "Kana da guntun ƙarfe mai tsawon hannu? Zo da injin waldarka."

Kwana biyu suka yi a kan keken ɗinkin Tela. Suka sauke kan keken, suka bar ƙafar da ake takawa da babban wilinta, suka kafa fiffiken fanka a sama, suka haɗa da bel. Maganaɗisu ɗaya kawai ya shiga aikin, shi ma allurai ya tsince musu daga aljihun keken.

Ranar da suka gama, da rana tsaka aka ɗauke wuta. Fankar sama ta mutu, ƙirjin Tela ya fara ƙararsa. Mai Fanka ya jawo kujera, ya cire takalmi, ya ɗora ƙafafunsa inda nata suka siɗe ƙarfen, ya taka. Fiffike ya juya, labule ya ɗaga, iska ta sauka a fuskarta. Ya ci gaba da takawa yana saurare har ƙarar ta lafa.

Ta buɗe ido. "Malam, ita ce wadda ba ta tsayawa ɗin?"

"Waccan ƙarya na yi wa kaina, Tela. Wannan tana tsayawa, in na tsaya."

Ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. "Da diddige ake takawa, ba da yatsu ba," ta ce. "In ba haka ba yanzu za ka gaji."

Ya gyara ƙafa, ya ci gaba.