Babban Yatsa a Ƙarƙashin Hoton Baba

Ina fitowa daga mota da jaririyata a kafaɗa na ce wa maigidana ya wuce da kaya, ni sai na fara kai ta wurin Baba Direba. Na haihu fa, mace, gashi cike da kai, hanci kamar an zana. Bakina ya ƙi rufuwa. Tun a gadon asibiti nake shirya abin da zan ce masa: "Baba, yau ka ƙyale itatuwa, ga mutum ka ɗauka."

Sai na ga kujeru a jere a ƙofar gidansa, mutane sun yi jugum. Maigidana ya riƙe min hannu. Ashe ya san Baba ya rasu, ya ɓoye min saboda ɗinkin da aka yi min.

Baba Direba maƙwabcinmu ne, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tunda ya ajiye tuƙi ya kama ɗaukar hoton itatuwa da furanni da wayarsa. Mutum biyu yake tura wa, ni da ɗansa Injiniya, ya tambaya, "Ya kuka gani?" Ni ban yi nisa a boko ba, amma ina da ido. Sai in ce, "Baba, wannan bishiyar jiri take ji ne? Dubi yadda ta karkace." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Alƙaliya ta yanke hukunci." Washegari ya koma ya sake ɗauka. Shi kuwa Injiniya, kome aka tura masa, ɗan babban yatsan nan na waya yake mayarwa. Baba ya taɓa ce min, "Ko duhu na tura masa, yatsa zai ba ni."

Na shiga gida na kunna wayata, tun ranar naƙuda take kashe a jaka. Ga saƙon Baba. Hoton jan fure ne, amma daga ƙasa aka ɗauka, a kwance. Rabinsa turɓaya ce da bokiti a kife, a gefe ga takalminsa ƙafa ɗaya. Baba da ko tsugunno gwiwarsa ba ta bari ya yi.

"Faɗuwa ya yi a bayan gida yana ban ruwa," in ji maigidana. "Baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Sai da yamma mai kwasar shara ya leƙa ya gan shi. A asibiti ya cika."

Ban san lokacin da na tsallaka gidansu ba, da jaririya da ɗinki da komai. Na tarar da Injiniya a ɗakin Baba, wayar marigayin tana hannunsa, yana ce wa matarsa, "Ganye da ciyayi sun cika ta. Sharewa zan yi, ki riƙa amfani da ita."

"Ka share me?" na ce.

Ya ɗago. "A'a, maijego, an sauka lafiya? Barka."

"Riƙe barkarka, Yaya. Buɗe saƙon ƙarshe da ya tura maka."

Ya kalli matarsa, ya buɗe. Ga hoton. Ga yatsa a ƙarƙashi, a tsaye ƙyam.

"Ina cikin taro a ofis lokacin."

"Ka buɗe shi?"

Ya mayar da ido kan wayar.

"Tambayarka nake. Ka samu hannun tura yatsa, ka buɗe shi?"

"Kullum fure ne, kullum bishiya. Na ɗauka irin na kullum ne."

"To duba yanzu, ba taro. Takalmin wa ke nan? Mahaifinka na kwance a ƙasa, bakinsa bai aiki, abin da ya iya ke nan, kai kuma ka ce masa ya yi kyau."

Matarsa ta dafa ni. "Maman jaririya, ki sassauta, jininki zai hau."

"Ya hau mana. Ciyayi fa ya ce, Anti. Kin san sau nawa tsohon nan ya koma wa bishiyar bakin titi don hoton ya miƙe? Ɗansa yake son ya burge, ba ni ba. Ni 'yar maƙwabta ce kawai. Kullum sai ya tambaye ni, 'Kina ganin wannan zai sa ya rubuto wani abu?'" Na juya wurin Injiniya. "Wallahi ka share ko ɗaya, ni da kai ne a layin nan."

Jaririya ta tsala kuka. Maigidana ya shigo ya janye ni yana ba mutane haƙuri, ni ko ban ba kowa ba.

Da rana ta yi sanyi ina zaune bakin taga ina ba ta nono, masu gaisuwa sun watse, an tattara kujeru. Injiniya na zaune shi kaɗai a dokin ƙofa da wayar Baba. Ya sa yatsu biyu ya buɗa hoto, ya kawo shi daf da fuskarsa, ya daɗe. Sannan ya wuce na gaba.