Saƙon da Ya Riga Mu Isa Wurin Mama Tamar

Shekara goma sha ɗaya ina sakatariyar Zumuntar Mata a majami'armu ta Kafanchan, kuma littafi da biro sun ishe ni. Sai bara Ugochi ta miƙe a tsakiyar taro ta ce zamani ya bar mu a baya. Ugochi 'yar gidan ma'aikatan jirgin ƙasa ce, a nan aka haife ta, tana da shagon waya kusa da tasha, kuma in ta kama magana ba ta saki sai an ce mata to.

Ta karɓi wayata ta yi 'yan danne-danne. Ta ce ga manhajar da zan riƙa rubutu a ciki kamar littafina, ga guruf ɗinmu mai mata sittin da uku, ita kuwa ta ƙulla su da wata manhaja ta uku da ke tsaye a tsakaninsu.

"Malama Martina, ba wani wahala," in ji ta. "Duk rubutu da ya fara da Zumunta, zai tafi guruf da kansa. Ke dai rubuta kawai."

"Wa zai kai shi?"

"Ba kowa. Shi zai kai kansa."

"To wa ya nuna masa hanya?"

"Ni mana, yanzu-yanzu a gabanki."

Na ce to, don kada a ce tsohuwar malamar firamare ta kasa gane karatu. Gaskiya ban gane komai ba.

Abin da Ugochi ba ta sani ba shi ne yadda muke rubutu. Sakatariyar da na gada ta koya mini cewa kowane shafi sai an sa masa Zumunta da kwanan wata a sama, kafin a rubuta ko da harafi ɗaya. Hannuna ya saba, har ya kai ko nawa na kaina zan rubuta, da haka nake farawa. A mako na biyu na rubuta cefanena: doya biyar ta Kagoma, manja, maganin ciwon gwiwa. Ranar Alhamis sai ga Madam Mildred, shugabarmu, ta shigo taro da doya biyar a buhu, tana tambaya wace ce ba ta da lafiyar gwiwa a yi mata addu'a. Aka yi dariya har da masu share hawaye. Ugochi ta ce in daina sa Zumunta a kan abin da ba na zumunta ba. Na yi alkawari, amma hannu bai ji ba.

Ranar wata Talata, ƙarfe takwas da 'yan mintoci na safe, Dattijo Obadiah na majami'armu ya kira ni. Muryarsa kaɗai ta sa na nemi kujera. Ya ce motar da Ishmael ke tuƙawa ta yi hatsari bayan Godogodo, kuma Ishmael bai tashi ba. Shi kaɗai ne ɗan Mama Tamar, mai sayar da citta a babbar kasuwa.

A wurinmu ba a gaya wa uwa irin wannan labari a waya, ba a kuma gaya mata a kan hanya. Mata huɗu ko biyar suke ɗaura zanin zumunta su je su dawo da ita gida, a zaunar da ita a ƙasa, a riƙe ta dama da hagu, sannan dattijo ya shigo ya yi magana. Haka aka yi mini lokacin maigidana, kuma har gobe ina gode wa hannuwan da suka riƙe ni.

"Ki tara mutum huɗu," in ji Dattijo. "Kada kowa ya ji tukuna."

Na ji tsoron in manta wani abu, sai na yi abin da na saba. Na buɗe manhajar rubutu na sa: Zumunta, Talata. Ishmael ɗan Tamar ya rasu. Kada a faɗa. Mildred, Martha, Ugochi, ni. A ɗauko ta daga kasuwa.

Ban gama ɗaura zani ba wayar ta fara kuka. Na duba, sai ga rubutuna zaune a guruf, da sunana a kai, an riga an fara amsawa. Wayyo Yesu. Ubangiji ya ta'azantar. Wane Ishmael? Sai na tuna Mama Tamar tana cikin mata sittin da ukun nan.

Na koma na goge sunan Ishmael a rubutun. Sai ga sabon saƙo ya faɗa guruf, an ce ɗan Tamar ya rasu. Na goge Tamar, wani ya sake faɗawa. Na rubuta da manyan baƙaƙe KADA KU KARANTA, shi ma ya bi 'yan'uwansa. Ni ina share ƙasa, abin yana zubo mini da shara ta taga. Na rasa wanda zan roƙa ya daina, tunda an ce ba kowa ba ne yake kaiwa.

Ugochi ta kira tana ihu. "Malama, cire hannunki! Duk gyara da kin yi, yana ɗauka sabon rubutu ne!"

"To ki kashe shi!"

"Na kashe, na goge naki duka. Amma na mutane fa? Ba zan iya kama bakin mutum sittin ba."

Muka haɗu a bakin titi mu huɗu, muka cusa kanmu cikin Keke Napep ɗaya. Madam Mildred tana kiran mata ɗaya bayan ɗaya tana ce musu su goge, su kuwa suna tambayarta me za su goge, tunda sakatariya da kanta ta sanar. Martha, 'yar zumuntarmu, ta yi ta addu'a a ƙasa-ƙasa. Ni ban iya addu'ar ba. Haushi nake ji, na Ugochi, na wayar, na hannuna. Abu ɗaya na riƙe: Mama Tamar ba ta iya karatu sosai ba, sai an karanta mata. Amma kasuwa cike take da masu karatu, kuma rabin layin citta 'yan majami'armu ne.

Muka same ta zaune a kan benci a bayan buhunanta. Maƙwabtanta duk sun sunkuyar da kai, kowa ya sami aikin yi da mudu. Da ta gan ni sai ta miƙo mini wayar da hannu biyu.

"Yauwa Malama, Allah ya kawo ki. Wannan abu tun ɗazu yana kuka, ya ƙi shiru. Na ba Regina maƙwabciyata ta karanta mini, ta ce idonta na ciwo. Na ba mai tumatir, ya ce bai iya ba, mutum da ya gama sakandare. Na kira Ishmael, shi ne mai karanta mini, bai ɗauka ba. Karanta mini."

Na karɓa. Saƙo arba'in da bakwai, sunanta a kusan kowanne. Ni da na shekara talatin ina koya wa yara karatu, na tsaya da waya a hannu kamar ban taɓa ganin baƙi ba. Na jefa ta cikin jakata na ja zif.

"Mama, rufe kaya mu je gida."

Ta dube ni. Ta dubi Mildred, da Martha, da Ugochi da ke kallon ƙasa. Sannan idonta ya sauka kan zanin da muka ɗaura iri ɗaya, ranar Talata da safe, ba taro ba biki. Ita ma ta sha ɗaura shi ta je ɗauko wasu.

Ta ja leda ta rufe cittar, ta ɗora dutse a kowace kusurwa, ta gyara ɗankwalinta.

A cikin keke ta zauna tsakanina da Martha. Wayarta ba ta daina motsi a jakata ba, kuma jakar tana kan cinyata, a jikin tata cinyar. Duk motsi ɗaya sai na ji kamar a ƙirjina. Wajen mararrabar tasha na kasa daurewa.

"Mama, ni ce na..."

Ta ɗora tafinta a kan jakar ta danne. Hannun sanyi ƙalau.

"Yi shiru, Malama," ta ce. "Bari mu kai gida tukuna. A gaya mini yadda ake gaya wa mutane."